Gyaran tsohon gida a Kano: inda kuɗin ke tafiya kafin a kai ga tayil

Duk mai bin lungunan Kano, daga cikin ganuwa har zuwa su Kurna, Rijiyar Lemo da Unguwa Uku, ya saba ganin irin gidan nan: an rushe soro, an ja bulo ya kai linta, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, tarin yashi a ƙofar gida har ciyawa ta tsiro a kai, awakin unguwa sun mai da shi wurin hutawa. Mutanen gidan suna ciki, an rataya tsohon buhu a madadin ƙyaure. Ka tambayi mai gida, amsar ba ta wuce ɗaya: "Siminti ne ya yi tsada." Ba ƙarya ya yi ba, kuma za mu zo kan simintin. Sai dai a gidaje da yawa, ko da buhu bai ƙara ko sisi ba, a nan ɗin aikin zai tsaya, domin tun ranar farko abin da aka lissafa daban, abin da gidan yake buƙata daban.

Abin da ake lissafawa shi ne abin da ido ya gani ya yaba, a gidan aboki, ko a masaukin Makka, ko a hotunan da masu adon gida ke zubawa a Instagram da TikTok: tayil mai ɗaukar ido, silin ɗin fiyofi da fitilu a ɓoye, banɗaki a kowane ɗaki, kicin mai kabad har sama, fenti mai sheƙi, get mai turawa. Galibi kuma akwai rana a gaba, an sa bikin ɗa, ko ana son tarewa kafin azumi. Mai gida zai zauna da biro: kwalin tayil kaza, bokitin fenti kaza, kuɗin masu aiki kaza. A ce lissafi ya ba shi miliyan huɗu, yana da huɗu da rabi a ajiye, sai ya ga ai har da rara. Amma duk abin da ke cikin takardar nan kayan ƙarshe ne, waɗanda ake sawa bayan gini ya zauna lafiya. Babu layi ko ɗaya na ruwa, na harsashi, ko na tsohon bangon da za a liƙa wa kayan.

A nan gyara ya sha bamban da sabon gini. Mai gina fili yana iya ƙirga bulonsa da rodinsa tun kafin a haƙa rami, domin babu abin da ya ɓuya masa. Mai gyara kuwa da fasawa yake farawa, kuma sai an fasa ake sanin abin da ke ciki. Birkilan da ya zagaya gidan na minti goma ya yanka farashi, abin da idonsa ya gani ya yanka wa. Ranar da aka ɓamɓare silin aka tarar gara ta cinye katakon rufi, wannan sabon ciniki ne, ba ya cikin na farko.

Babban mai cin kuɗin da ba a lissafi da shi shi ne ruwa. Ruwan Kano ba a shimfiɗe yake cikin shekara ba, yawancinsa a Yuli da Agusta da farkon Satumba yake sauka, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. A da, kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birnin daga cikinsu su ke karɓar wannan ruwa. An cike da yawansu da shara, an yanka filoti, an gina. Su kuma lunguna kullum tashi suke yi: yau an zuba ɓaraguzai, gobe an yi kwalta, jibi maƙwabci ya yi ciko ya ɗaga ƙofarsa. Shi ya sa a tsofaffin unguwanni sai ka gangara taki ɗaya ko biyu kafin ka shiga zaure. Gidan da daɓensa ya koma ƙasa da titi, kwatarsa ba ta iya fitar da ruwa, na waje ma shigowa yake yi.

Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin gida kuma ba ya zama wuri ɗaya. Bango yana tsotsarsa sama a hankali, yana tahowa da gishirin ƙasa. Alamarsa kowa ya sani: daga daɓe zuwa gwiwa ko ƙugu fenti yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gari yana fitowa, ɗaki yana warin danshi, kayan cikin akwati suna fumfuna. Abin da aka fi yi shi ne a liƙa tayil a bangon har zuwa ƙirji. Damina ɗaya ko biyu sai danshin ya ɓullo a saman tayil ɗin, domin an toshe masa inda yake fita ya bushe, an bar inda yake shigowa a buɗe.

Maganin da ke aiki shi ne a yi ciko a ɗaga daɓe, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankare, a gyara kwata ta sami gangara. To ga inda lissafi ke wargajewa. An ɗaga daɓe da ƙafa biyu, ƙofofi sun zama gajeru, sai an sunkuya. Ba a ɗaga ƙofa sai an fasa linta an zuba sabuwa. Silin ya sauko, fanka na neman kan mutum, dole a ƙara layin bulo biyu ko uku a sama. Ba a ƙara bulo sai an cire rufi. An cire rufi, tsohon kwanon da ƙusa ta huhhuda ba ya komawa, katakon ma rabinsa ya ruɓe. Mutumin da ya fito don ya sa tayil ya wayi gari yana cinikin bandir ɗin kwano a Ƙofar Ruwa. Babu wanda ya cuce shi, kowane aiki ne ya jawo na gabansa.

Idan gidan na ƙasa ne, akwai wani tarkon daban, kuma ya fi haɗari. An ɗauka cewa shafa filastar siminti a kan ginin tubali ci gaba ne, ana ganin an huta da yaɓe ke nan har abada. Je ka irin wannan bango bayan shekara uku ko huɗu, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. A wurare da yawa ƙarar kogo za ka ji. Ka sa ɗan ƙarfe a tsagar da ta bayyana, faifai guda zai ɓallo, a bayansa ƙasa ce jiƙaƙƙiya tana zubowa, ga hanyoyin gara. Dalili shi ne ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, tana kumbura da damina tana tsukewa da rani, siminti kuwa ba ya bin ta a wannan motsi. Sai su rabu, filasta ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Daga waje bangon yana nan sumul, daga ciki yana narkewa, har wani daren Agusta ya kwanta gaba ɗaya. Buga ƙusoshi da wayar raga kafin filasta yana jinkirta ɓallewar, amma ba ya hana danshin taruwa.

Maginan da sun san wannan, shi ya sa abin da suke shafawa yake tafiya da halin ƙasar: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima. Rufi na azarar giginya ne, indararo yana jefa ruwa nesa da gindin bango, kuma kafin kowace damina sai an bi gidan da yaɓe. Ginin ƙasa yana daɗewa idan an ba shi wannan haƙƙi. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ta ƙasa ce, kuma itatuwan da suka fito a jikinta su masu yaɓe ke takawa idan lokacin gyara ya yi. A ganina mai tsohon gidan ƙasa ya zaɓi ɗaya: ko ya riƙe shi a matsayin na ƙasa yana biyan yaɓensa duk shekara, ko ya sauke bangon ya taso da bulo daga harsashi, ɗaki bayan ɗaki. Tsaka-tsakin nan na siminti a kan tubali shi ne mafi tsada, domin sau biyu ake biya.

Sai maganar bene. Iyali sun ƙaru, fili babu, sai hankali ya koma sama. Harsashin da aka haƙa shekara talatin da suka wuce don ya ɗauki bango da kwano, yanzu ana so ya ɗauki dekin na kankare, da ɗakuna, da tankin ruwa. Tanki mai cin lita 2,000 idan ya cika tan biyu ke nan a wuri ɗaya. Mai gida zai tambaya, birkila ya doki bangon da tafin hannu ya ce, "Haba Alhaji, zai ɗauka, mun yi wanda ya fi wannan." Wataƙila ma da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ƙarfin harsashi ba a tafin hannu ake jin sa ba, sai an haƙa gefensa an ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da yake zaune a kai, kuma wannan aikin injiniya ne. Abin mamaki, mutumin da ba ya jin nauyin kuɗin fitilar falo shi ne zai ga kuɗin injiniya asara. Haka izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, ana kallonsa a matsayin wahalar ofis kawai, har sai an zo an shafa wa gini jan fenti. Kankare kuma yana da lokacinsa: sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, kuma a makon farko yana buƙatar ban ruwa safe da yamma. A unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, ban ruwan nan shi ake fara yi wa ƙwauro, katakon da ya tokare dekin kuma ana gaggawar cire shi saboda na haya ne. Mutanen Kano ba su manta benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana tsakiyar gininsa ba.

Yanzu mu zo kan simintin. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yanka mata daraja. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Buhun siminti mai kilo 50, wanda ake saya dubu huɗu da 'yan kai a farkon 2023, ya wuce dubu goma a wurare da yawa a wancan Fabrairun. Kamfanin BUA ya sanar a watan Oktoban 2023 cewa ya mai da farashinsa na masana'anta naira 3,500, amma mai saye a shago bai gani a ƙasa ba. Gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin a Fabrairun 2024 aka ambaci dubu bakwai zuwa takwas. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, albashin wata guda bai fi buhu bakwai zuwa goma ba. Mutane kan yi mamakin abin da ya haɗa dala da simintin da ake yi a Obajana, da Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gwambe. Dutsen dai namu ne, amma makamashin da ake gasa shi da shi, da kayan gyaran injuna, da man gas ɗin tirelar da za ta kawo shi Kano, duk suna bin dala.

Illar wannan ga mai gyara ta wuce ƙarin kuɗi. Na farko, ƙiyasi ya daina daɗewa, takardar da aka rubuta wata uku da suka wuce ta zama tarihi. Wasu suna maganin haka da sayen kaya su ajiye, dabara ce mai kyau ga rodi da kwano da waya, musamman tayil, wanda gara a saye shi gaba ɗaya har da ɗan ƙari, domin idan ya yanke a tsakiyar falo da wuya a sake samun launinsa sak. Siminti kuwa ba ya son ajiya: ya wuce kamar wata uku, ko ya ji danshi, sai ya fara dunƙulewa ƙarfinsa ya ragu. Na biyu, idan farashi ya tashi aljihu bai tashi ba, inganci ne ke sauka a ɓoye. Mai buga bulo ya ƙara yashi don buhu ɗaya ya haifi bulo da yawa, ka ɗaga shi ka sake shi daga ƙugu ya zama gari. Rodi ana kiransa milimita 12, a awo bai kai ba. Kwano ya yi siriri, wayar wuta jan ƙarfenta a fata kawai yake. Duk waɗannan suna shigewa cikin bango a rufe su da fenti mai kyau.

Tsakanin mai gida da masu aiki kuma akwai tsohuwar rigima wadda kowane ɓangare ke da gaskiyarsa a ciki. Aikin yini yana jan ƙafa, aikin jinga yana gudu ya bar baya da ƙura. An ba da kafin alƙalami mai tsoka, kwana uku ana aiki, rana ta huɗu waya a kashe, birkila yana wani gini a Hotoro da kuɗin wannan yana toshe ramin wancan. Amma a tambayi birkilan shi ma. An ja bango an gama, mai gida ya shigo da yamma ya ce, "Malam, Hajiya ta ce ƙofar nan a mai da ita gabas." An rushe, an sake, ranar biya kuma a ce ai jinga aka yi. Ko a kira mai filasta da mai fenti su gama, sannan a tuna da falamba da mai wayarin, su zo da guduma su tsattsaga bangon da aka biya kuɗin gyarawa. Biya mataki-mataki, bayan an ga aiki da ido, da rubuta abin da jingar ta ƙunsa a gaban shaidu biyu, yana rage rabin wannan hayaniya. Mu kan ji kunyar rubutu tsakaninmu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi.

Rubutun nan ya fi zama dole a gidan gado, kuma yawancin tsofaffin gidajen cikin gari na gado ne da ba a raba ba. Ɗaya daga cikin 'ya'ya Allah ya buɗa masa, ya ga bai dace mahaifiyarsu ta zauna a ɗaki mai yoyo ba, ya zuba miliyoyi. Kowa ya sa albarka. Shekaru suka ja, tsohuwa ta rasu, aka zo rabo, aka yi wa gidan kuɗi yadda yake a yau, da tayil ɗinsa da benensa. Shi yana cewa a fara fitar masa da abin da ya kashe, 'yan uwa suna cewa wa ya sa ka, ai kyauta ka yi wa Inna. Babu takarda, waɗanda suka san maganar wasu sun mutu. Zumuncin da ya tsinke a gaban alƙali kan irin wannan ba kaɗan ba ne. Zama ɗaya da magada kafin a sauke tifar yashi ta farko, a faɗa a rubuta ko kyauta ce, ko bashi ne, ko za a cire daga kason wani, ya fi kowane tayil amfani ga gidan. Maƙwabta ma suna da haƙƙi a cikin gyaranka. A cikin gari katanga ɗaya takan raba gida biyu, ka taɓa ta ka taɓa ɗakin wani. Tagar bene da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, ko indararon da ke zuba a bangonsa, sun isa su kai mutum gaban mai unguwa a tsayar da aiki.

A ce duk an tsallake waɗannan, an gama, an tare. Saura tambayar da ba a cika yi ba: gidan da aka kwaikwayo daga hoto, da wace wuta da wane ruwa aka tsara shi? An rufe tsakar gida da kwano don a sami babban falo, an toshe iskar da ke ratsa ɗakuna, an sa tagogin gilashi masu zugewa waɗanda rabinsu kaɗai ke buɗewa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, siririn bulo da kwano kuma ba sa tare zafi yadda kaurin bangon ƙasa ke yi. Irin wannan ɗaki sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta fiye da kowa, zuwa naira 225 kowane yunit, waɗanda ba sa rukunin kuma sun san awa nawa suke gani. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda a duhu. Sola da batir ɗin da za su ja na'urar sanyi wani gyaran gidan ne mai zaman kansa a kuɗi. Tsakar gidan da aka rufe kuwa, a nan ake girkin taro, da wanki, da shanya, da zaman suna, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana idan bazara ta matsa.

Banɗaki a kowane ɗaki ma haka. Masai na zamani ba ya aiki sai da ruwa a bututu, wato rijiyar burtsatse, da injin jan ruwa, da tanki, da sokawe. A gida mai ƙaramin fili sokawen yakan faɗo kusa da rijiyar da ake sha, ta gida ko ta maƙwabci. Kuma tayil mai sheƙin nan da ya yi kyau a hoto, idan ya jiƙe da ruwan alwala, tsohuwar da aka yi gyaran dominta ita ce ta farko da zai kayar. Na banɗaki da tsakar gida mai kaushi ake nema, ko da bai kai wancan kyau ba.

Wanda ya ga duk wannan kuma yake son ya gyara gidansa, tsarin aikin a juye yake da tsarin burinsa. Maganar magada da maƙwabta da izini ita ce farko, domin ba ta cin siminti. Sannan a fasa wuri biyu ko uku a duba, silin da gindin bango da gefen harsashi, kafin a yanka kowane farashi. Sai rufi, da daɓe da kwata, sai bututu da waya, sai filasta. Ni dai ba zan fara ba sai na ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin na manta da shi, don abin da bango zai nuna idan an buɗe shi. Lokacin aikin daga ɗaukewar ruwa ne, wajen Oktoba, kuma duk abin da ya shafi cire kwano a gama shi kafin Mayu. Idan biki ne ya matso, saura mako shida 'yan jere su zo, a tsaya a kan ɗaki da falo da banɗaki ɗaya a yi su da kyau, a bar filasta ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba tun kafin amarya ta gama cin amarci zai fara ɓarewa. Fiyofi kuwa ya jira sabon rufin ya ga damina ɗaya tukuna, domin ɗigo ɗaya daga kan ƙusa ya isa ya yi masa tabon da fenti ba ya rufewa.